Na tarar da tsofaffin injinan gem na kwandala a sito, in gyara su ko in bar wa 'yan gwangwan?

Ɗan Fagge:

Assalamu alaikum jama'a, dan Allah masu sani a kan kayan lantarki ina neman shawara. Kawuna, Allah ya jiƙansa, yana da gidan gem a shekarun 90, irin wanda ake jefa kwandala ko ka ba yaron shago kuɗi ya danna maka, ba irin na yanzu da ake zama gaban PlayStation ba. To tunda ya bar harkar kayan suna cikin wani sito a bayan gida ba wanda ya ƙara waiwayar su, yanzu ana rabon gado ana so a kwashe siton a gyara a zuba 'yan haya, shine da muka buɗe muka tarar da injina guda uku a tsaye an jibga musu tsofaffin katifu da buhunan tarkace a kai.

Ɗaya ja ne dogo, an rubuta Neo Geo a samansa, akwai gurbi huɗu na ƙananan hotuna, botin ɗinsa huɗu huɗu, ja da rawaya da kore da shuɗi. Na biyu an shafe shi da baƙin fenti kaf amma gilashin sama na Street Fighter II ne, botin shida kowane ɓangare. Na ukun shi ya fi ba ni mamaki don ni ban ma tuna shi ba, fari ne gajere wanda sai an zauna ake bugawa, jikinsa ba katako ba ne, fuskarsa ƙatuwa sosai, da rubutun Japan a jiki da sunan Sega. Jan nan ƙasansa ya sha ruwa ya kumbura, gara ta ɗan taɓa gefe ɗaya, ɓera kuwa ba a magana, warin fitsarinsu ne ya fara yi mana maraba.

'Yan gwangwan sun riga sun zo sun taya, su wayoyi da taransifoma suke so, sauran a farfasa. 'Yan uwa sun ce in ina so in ɗauka a yadda aka taya a cire a rabona, ni kuma wallahi zuciyata ta ƙi yarda a sa musu guduma, a kan jan nan na koyi King of Fighters ina tsaye kan bulo don hannuna ya kai. Tambayata, suna gyaruwa kuwa? In jona su a wuta in ga wanda zai tashi? Kuma in fuskar ta mutu zan iya cire ta in sa filasma a ciki? Na gode.

Tsohon mai gyaran TV, Kaduna:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya jiƙan kawunka ya sa ya huta. Ɗana kar ka jona. Ko wani ya ce maka ai minti ɗaya ne a gani, ka ce a'a. Yawancin tsofaffin kayan da ake kawo min a ƙone ba ajiya ce ta kashe su ba, ranar da aka fito da su aka cusa a soket ranar suka mutu.

Ka fara da maganar wuta. Mu nan bolt 230 muke sha, Japan 100 suke amfani da ita, Amurka 120. Farin nan da ka ce akwai rubutun Japan ina kyautata zaton na 100 ne, ƙila kawunka da sitefdawun, wato taransifoman rage ƙarfin wuta, yake haɗa shi ta waje kuma an daɗe da ɗauke sitefdawun ɗin an kai wani aikin. Ka leƙa baya inda wayar wuta ta shiga, akwai ɗan faranti ko takarda da aka rubuta abin da yake sha. Sai kuma ɓeran nan, waya ɗaya da aka gwigwiye ta taɓa 'yar uwarta ta isa ta tura bolt 12 inda bolt 5 ake so, shikenan fanel, wato allon lantarkin da gem ɗin yake kai, ya tafi, kuma irin wannan fanel ɗin ba shiga Sabon Gari za ka yi ka ɗauko wani ba.

Fuskar nan tub ce irin ta talabijin mai doro. A bayanta za ka ga wata waya mai kauri, yawanci ja, ta ƙare da wata roba zagayayyiya manne a jikin kwalbar, wajen nan yana ɗaukar sama da bolt dubu 20 in tana aiki kuma kwalbar tana iya riƙe caji bayan an kashe. Mu muna da yadda muke sauke shi amma ba zan koya maka a rubuce ba, ka nemo mai gyara ya yi a gabanka ka gani. Sannan wuyan kwalbar, siririn nan na can baya da ɗan ƙaramin fanel a maƙale, gilashinsa ba kauri, in aka buge shi wajen ɗauka za ka ji iska ta shiga tsss, tub ta mutu kenan ba mai gyara ta a duniya. In za ku fitar da su ku ɗauka a tsaye, mutum uku ko huɗu, kar a kwantar a kura ana jijjigawa a kan hanya.

Akwai wani abu da yaran yanzu ba su sani ba. A ƙasan irin waɗannan akwatunan akwai taransifoma wanda aikinsa raba fuskar da wutar gida, da yawa daga cikin fuskokin nan in ka ba su wuta kai tsaye ba ta cikinsa ba jikin ƙarfen ya zama mai wuta, ya ja mutum ko ya ƙona fanel ɗin gem ɗin. Shi 'yan gwangwan suke hange saboda kofa ɗin ciki. Kar ka bari kowa ya cire maka shi ya ce ai nauyi ne kawai.

Suna gyaruwa kuwa? Sosai ma. Kayan wancan lokacin komai a fili yake, ƙafafunsu manya, mutum yana gani da idonsa yana bi da mita. Abin da ajiya take yi musu sananne ne, kafasita su bushe ko su kumbura, dalma ta tsattsage musamman a ƙafafun filaibak, wato taransifoman da ke ba tub babbar wutar nan, da wajen da yake zafi, fis ya tsinke, soket ya yi tsatsa. Duk wannan aikin yini ɗaya ne ko biyu ga wanda ya iya. Ka fara da shara tukuna, buroshin fenti mai laushi da bulowa, ka sa takunkumi a hanci don kashin ɓera ba abin shaƙa ba ne, ruwa kar ya kusanci ciki. In an gama a zare fanel ɗin gem, a zare fuska, a gwada akwatin ba da wuta shi kaɗai a ga 5 ɗinsa ta tsaya daidai. Sai an ga haka ake mayar da abu ɗaya ɗaya.

Ka nemi dattijo wanda ya yi zamanin talabijin mai doro, ba mai gyaran waya ko mai canza fanel ɗin filasma ba. Muna nan, mun dai ragu. In ma fuskar ta ƙi gaba ɗaya, talabijin ɗin Beljiyam masu doro da ke da dogon rami mai haƙora 21 a baya, wanda ake kira SCART, suna karɓar ja da kore da shuɗi daban daban yadda fanel ɗin gem yake fitarwa, ana sa resista a rage ƙarfin. Don haka maganar filasma ka ajiye ta tukuna.

Bakano a Chicago:

Salam. Allah ya ƙara girma Baba, ka gama magana a kan wuta. Ɗan uwa ni bari in faɗa maka abin da ke hannunka, don nan inda nake mutane suna tuƙin awa biyar shida da motar ɗaukar kaya su je su ciro irin waɗannan daga rumbun wani manomi ko tsohon sito, wani ma rufin ya rufta a kansu, su kawo gida su shekara suna gyarawa. Akwai wani waje kusa da mu a Brookfield sunansa Galloping Ghost, an buɗe shi a 2010, injina ɗaruruwa ne a jere suna aiki, a ƙofa kake biya ka shiga ka yi ta bugawa. A can na fara sha'awar abin har na sayi nawa.

Jan nan Neo Geo MVS ne, kamfanin SNK na Japan ya fito da shi a 1990. Dabararsu ita ce gem ɗin a kaset yake, mai shago ba sai ya sayi sabon inji ba, kaset kawai zai canza, akwai mai ramin kaset 1, mai 2, mai 4 har mai 6, naka mai gurbin hoto huɗu mai 4 ne kenan. Abin da nake so ka yi YAU ba gobe ba, ba tare da ka jona komai ba, ka buɗe ka nemi wani ƙaramin batir mai kama da ganga a like a kan fanel ɗin. Batir ne mai caji na riƙe agogo da lissafin kwandala, in ya tsufa yakan yi yoyo, ruwan ya bi siraran layukan fanel yana cinye su a hankali ko injin yana kashe. Shi ya fi kashe Neo Geo fiye da komai. A yanke ƙafafunsa a fitar da shi, gem ɗin yana tashi ba shi. In ka ga fari fari ko kore kore a kewayensa a goge da ɗan farin binega a jikin auduga, a bi da sifirit, a bari ya bushe sarai. Wani abin kuma, in lokacin gwaji ya yi ku cire kaset ɗin duka, fanel mai lafiya in ba kaset yana nuna layuka kamar raga a fuska, in kun ga ragar nan to ku yi hamdala. Kaset ɗin kansu ka adana su da kyau, Metal Slug na 1996 ko King of Fighters in na asali ne masu nema suna nan da yawa.

Baƙin nan kuma ina zargin ba a matsayin Street Fighter aka haife shi ba. Street Fighter II ya fito a 1991, kuma da ya kama kasuwa masu shaguna a ko'ina sai suka riƙa ɗaukar tsofaffin akwatunan wasu gem ɗin da suka daina kawo kuɗi, su shafe da baƙin fenti, su huda ramin botin shida, su sa sabon fanel da sabon gilashi. Haka aka rasa akwatunan asali masu yawa na farkon shekarun 80. Abin ya zo musu da sauƙi ne saboda a 1985 kamfanonin Japan sun yarda da tsarin waya guda ɗaya da ake kira JAMMA, baki mai haƙora 56, duk fanel ɗin da ya bi tsarin zai shiga kowane akwati. Shi JAMMA botin uku ya tanada wa kowane ɗan wasa, shi ya sa za ka ga wata ƙaramar waya daban ta botin ɗin shuri guda uku, kar ka ɗauka tarkace ce ka yar. Abin da nake nufi, ƙarƙashin baƙin fentin nan ƙila akwai zanen wani gem da ya girmi wanda kake gani.

Ka duba fanel ɗinsa ka faɗa mana. In hawa uku ne an ɗora wani kan wani da sunan Capcom to CPS-1 ne na asali. In cikin babban gida na roba yake, shuɗi ko kore ko ruwan toka, to CPS-2 ne na 1993 zuwa sama, shi kuma yana da nasa batirin da ke riƙe mabuɗin sirrin gem ɗin, batir na mutuwa gem ya daina tashi. Da can in haka ta faru sai an canza masa wasu cif, ƙananan ƙwaƙwalwar da ke kan fanel, amma a 2016 wani Eduardo Cruz da abokan aikinsa sun fitar da hanyar mayar da mabuɗin, yanzu ana farfaɗo da su yadda suke. In kuma fanel ɗaya ne shimfiɗaɗɗe ba sunan kowa, jabu ne, an yi su da yawa a wancan lokacin, har da wanda ake kira Rainbow da ake canza ɗan wasa ana tsakiyar faɗa wuta ta cika fuska. Jabun ma kar ka yar. Masu MAME, manhajar da Nicola Salmoria ya fara a 1997 don adana waɗannan gem ɗin, har yau suna karɓar kwafin abin da ke cikin cif na fanel ɗin da ba su taɓa gani ba.

Farin nan ka duba ko an rubuta Astro City. In shine, na Sega ne na 1993, fuska inci 29, a gidajen gem na Japan ake jera su ana zama a buga. Nan har kwantena ake haɗa kuɗi a yo odarsu daga Japan. A ce akwai ɗaya a sito a Fagge, wallahi har tsigar jikina ta tashi.

Kafin ka taɓa komai ka ɗauki hoto, kowace waya, kowace takarda da ke manne a ciki, lambar jiki, ƙaramar mitar da ke ƙirga kwandala. Mukullai, takardu, ko tsohuwar kwandala ka samu a ƙasa ka zuba a leda ka ajiye.

Mai gidan gem, Gombe:

Ni dai gaskiya zan faɗa ko ba za ta yi daɗi ba, shekara da shekaru ina wannan sana'ar. Oga na Chicago kai kana inda wuta ba ta ɗaukewa kuma in ka yi odar kafasita jibi ta iso ƙofarka. Mu nan fa? Tub inci 29 a kan janareta ko sola ba ƙaramin ci take ba, ga wutar nefa da ke hawa da sauka yadda ta ga dama, yau ka gyara jibi filaibak ya ƙone ka rasa inda za ka samo irinsa. Baba da kansa ya ce sun ragu, nan da shekara goma wa zai taɓa maka ita? Yaran da ke shigowa shagona ƙwallo suke nema a PlayStation, ba wanda zai tambaye ka ko fanel na asali ne.

Shawarata ɗan uwa, ka ceci akwatunan daga guduma, wannan na yarda ɗari bisa ɗari. Amma ka cire tub ɗin ka sa filasma, ka sayi Pandora's Box ɗin nan na Sin mai gem ɗaruruwa a ciki, ka sa sababbin botin, ka ajiye a shago ko wajen shan ayis kirim yara su buga su biya. Inji mai aiki yana kawo kuɗi ya fi inji na asali da ke jiran gyara a lungu, don wanda ke jiran gyara wata rana matar gida za ta gaji da shi ta kira 'yan gwangwan ɗin da ka kora. Na ga haka ta faru ba sau ɗaya ba.

Kafinta, Maraɗi:

Sannunku. Ni katako na sani, a kansa zan tsaya. Malam ka danna ƙasan jan nan da yatsa, in yana marmashewa to irin katakon garin nan ne da aka matse da gam, shi in ya sha ruwa ya kumbura ba ya komawa ko ka shekara kana shanya shi. Ba a jefar da akwati saboda haka. Ana auna inda ruɓar ta tsaya a yanke a miƙe, a sa filawud mai kauri ɗaya da shi, a ɗaure ta ciki da katako da gam da sukurori, a cike bakin a goge, in an yi fenti a ƙasan kaɗai ba mai ganewa. A sa masa taya ko ƙafafu ya bar taɓa siminti.

Gara kuma a fitar da fanel da kaset tukuna sannan a sa magani, a ƙwanƙwasa ko'ina a ji inda ya zama holoƙo. Dan Allah kar a shafa baƙin mai yadda ake yi wa azara da katakon rufi, zai ratsa ya ɓata zanen kuma warin ba ya fita. Kar a shanya a rana tsaka, jan zai koɗe takardar jiki ta ɗaɗɗago, inuwa mai iska ta isa. Baƙin fentin nan in za a cire a fara gwadawa a ɗan lungu ta baya ƙasa ƙasa, a hankali, samfefa kar ta taɓa gefen sam.

Bakano a Chicago:

Mai gidan Gombe maganarka akwai gaskiya a ciki, musamman ta wuta, sitabilaiza mai kyau dole ne kuma ban ce ya jona a ƙaramin janareta ba. Amma ban yarda a cire tub mai rai ba. An daina ƙera su, duk wadda aka fasa ta ragu kenan a duniya. Kuma waɗannan gem ɗin don tub aka zana su, Neo Geo ɗigo 320 a 224 ne kacal, a tub launukan suna narkewa cikin juna hoton ya yi kyau, a filasma sai an bi ta wani ɗan fanel mai juya sigina, hoton ya fito a baje da kaifi kaifi, sau da yawa har da ɗan jinkiri tsakanin danna botin da motsin. Wanda ya iya King of Fighters hannunsa zai gaya masa a zagayen farko.

Ga inda za mu haɗu. Akwai Pandora's Box mai bakin JAMMA, yana shiga wayar da ke cikin akwatin ba tare da an yanke komai ba, wasu ma suna ba tub irin siginar da take so. In yana son na kasuwa ya sa shi a baƙin, fanel ɗin da ya cire ya naɗe ya ajiye. Sharaɗina ɗaya ne, kar a yi abin da ba a iya warwarewa, kar a yanke waya, kar a faɗaɗa rami da zarto, kar a yar da abin da aka cire. Jan kam a bar shi yadda SNK suka yi shi. Kuma a kula, wayar Neo Geo mai kaset huɗu ta ɗan bambanta da JAMMA wajen sauti da wasu botin duk da bakin iri ɗaya ne, kar a riƙa musanya fanel tsakanin jan da baƙin kai tsaye.

Ɗan Fagge:

Jama'a Allah ya saka da alheri, ban zaci zan samu amsa haka ba. Na biya 'yan uwa, injinan sun zama nawa, mun ɗauke su a tsaye yadda Baba ya ce suna zauren gidanmu yanzu, ban jona komai ba.

Ga abin da na gani. Jan, batirin yana nan kuma ya yi kore a ƙafa ɗaya, an yanke shi an goge, layuka biyu kusa da shi sun yi baƙi ban san ko sun tsinke ba. Kaset uku ne a ciki, rami ɗaya ba komai. A jikin fuskarsa an rubuta Hantarex MTC 9000, taransifoman ƙasa yana nan an rubuta 220 a inda wuta ke shiga. Baƙin, yayana na Chicago ka canka, fanel ɗaya ne ba sunan Capcom ko'ina, kuma da na haska gefen da tocila a karkace ina ganin shatin wani zane a ƙarƙashin fentin. Farin Astro City ne, 100 aka rubuta a bayansa, ba fanel ɗin gem a ciki ko ɗaya, wayoyi ne kawai a lilo, amma wuyan tub ɗin lafiya lau.

Na samu wani dattijo mai gyaran talabijin a unguwarmu ya ce zai zo ranar Asabar, sai dai ya ce bai taɓa taɓa injin gem ba. Baba me zan ce masa ya fara da shi?

Tsohon mai gyaran TV, Kaduna:

Madalla ɗana. Ka ce masa ya kwantar da hankalinsa, talabijin ce da ba ta da abin kama tasha ba ta da sauti, in ya buɗe zai gane gida. Hantarex ta Italiya ce, kaga jan ta Turai ya biyo kenan, shi ya sa ka ga 220, wannan ya rage muku aiki. Amma MTC 9000 tana cikin masu buƙatar taransifoman nan da na faɗa, kar ya ɗauke ta ya kai benci ya ba ta wutar soket yadda ya saba yi wa talabijin, ta cikin taransifomanta za ta sha, kuma ya auna abin da ke fitowa kafin ya haɗa.

Ku fara da jan. Ya bi wayoyin wuta daga filogi har ciki ya canza duk inda ɓera ya taɓa, ya duba fis ko wani ya taɓa naɗa masa waya a maimakon na gaskiya don masu shago suna yin haka. Ya sa ƙwan fitila mai zare, mai wat 100, a jere da layin wutar kafin ya kunna, ya san wannan dabarar, in ƙwan ya haska tar ya tsaya a haka akwai inda ya haɗe, a kashe nan take, in ya haska ya dushe to a ci gaba. Akwatin ba da wuta shi kaɗai da farko, 5 ɗin ta tsaya a 5 ko ta ɗara da ɗan kaɗan, in tana rawa a canza akwatin gaba ɗaya ba shi da tsada. Sannan fuska ita kaɗai, a saurari ƙarar tashinta a ga wuyan ya yi ja. Fanel ɗin gem shine na ƙarshe, ba kaset.

Layukan nan biyu da suka yi baƙi ya sa mita a kan ƙara ya bi su daga farko zuwa ƙarshe, in sun tsinke siririyar waya ake ɗorawa a tsallake wajen, da ƙaramin ayan mai tsini, ba babban da yake like filaibak da shi ba. Farin ku bar shi sai kun samo sitefdawun mai ba da 100, kuma mai ƙarfi, ƙananan nan na cajin kaya ba za su ɗauki tub inci 29 ba. Wanda aka fi samu a kasuwa 110 yake bayarwa, a auna shi da mita tukuna, in wutar unguwarku tana hawa a sa sitabilaiza a gabansa. In dattijon ya ga abin da ya shige masa duhu ka ɗauki hoton fanel ɗin fuskar gaba da baya ka sa a nan, zan duba da daddare in na tashi daga shago.